Zakkar Kono: Mudun da Haraji Bai Haɗiye Ba

Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaramar sallah, maigida a ƙasar Hausa yakan zauna bakin buhu yana lissafi: shi kansa, matansa, 'ya'ya har da na goye, da tsohuwar da yake ciyarwa. Kowane kai mudun Annabi huɗu. Wannan ce zakkar fidda kai, wadda jama'a suka fi kira zakkar kono.

Asalinta Madina ne, a shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624 miladiyya, shekarar da aka wajabta azumin Ramadan. Ruwayar Abdullahi ɗan Umar dabino da sha'ir ta ambata, abincin mutanen can. Da a nan maganar ta tsaya, da manomin Gobir ko na Damagaram ya sha wuya. Amma malaman Malikiyya, waɗanda aka karanta littattafansu a zaurukan ƙasar nan, irin su Risala ta Ibn Abi Zaidin, sun ce a fitar daga abincin da ya fi rinjaye a gari, kuma gero da dawa da shinkafa duk suna cikin abin da suka lissafa. Hatsin da ake ci a gida, shi ake aunawa.

A zamanin daular Sakkwato, zakkar amfanin gona da ta dabbobi ta hannun hukuma suke bi, har da sarauta sukutum domin wannan aiki, wato Sa'i. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shugabansu Lugga ya tarar talaka na biyan kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da wasu kuɗaɗe barkatai, sai gwamnatinsa ta cure su wuri guda, dokar haraji ta 1906 ta tabbatar da haka. Zakkar da ke bi ta fada ta narke cikin haraji. Ta kono kuwa ko gezau, don galibi ba ta da rumbun da za a kama, ba kuma mai rubuta ta a takarda. Daga buhu take fitowa, yaro ya ɗauka a kwano, ya kai gidan da ke bayan katanga.

Nan ƙarfinta yake. Maƙwabci shi ya san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun safe, da matar da mijinta ya rasu ta kama wankau, da dattijon da gara ya kai azumi da ruwa zalla da ya miƙa hannu. Jami'in da ke zaune a ofis ba shi da hanyar sanin wannan. Ko lokacin bayarwa ma akwai hikima a ciki. An fi so a fitar da safiyar sallah kafin a tafi idi, amma an yi rangwamen kwana ɗaya ko biyu, kuma duk macen da ta taɓa surfe ta san amfanin rangwamen: gero sai an surfa, an wanke, an kai niƙa, kafin ya zama tuwon sallah.

Birni ya kawo nasa sauyi. Ma'aikacin da ba shi da gona tiya yake saya a kasuwa, shi ya sa ake ta muhawara kan ba da kuɗi, abin da Hanafiyya suka yarda da shi, Malikiyya kuwa suka tsaya a kan abinci. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi sun kafa hukumomin zakka, Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Duk da haka, yawancin zakkar kono hannu da hannu take tafiya.

Inda aka fi kuskure yau shi ne wajen zaɓen mai karɓa. Gidaje da yawa sun mai da ita ta gado: malamin da uba ya saba kai wa, shi ɗa zai kai wa, ko da rumbun malam ya cika. Fiƙihu dai matalauci ya ce a ba, kuma a unguwanni da dama yana nan ƙofa biyu daga gidan mai fitarwa.