Wa Ya Koya wa Hedimasta Mulki?

A Tsangayar Ilmi ta kusan kowace jami'a a ƙasar nan akwai wani fanni da ake yi wa babban digiri, wanda ake kira mulkin makarantu da tsara ilmi. Mu ɗaliban Hausa daga nesa muke hangensa, kamar bai shafe mu ba. Alhali kuwa ya shafe mu ƙwarai, domin in ba yaudarar kai za mu yi ba, da yawa daga cikinmu alli za mu riƙe bayan bautar ƙasa, kuma wata rana wani cikinmu zai sami takarda daga ma'aikata an ce ya je ya riƙe makaranta. Wannan ya sa na ga ya kamata mu waiwaya mu duba yadda aka yi har riƙon makaranta ya zama abin da ake zama a aji a karanta. Abin da na fahimta shi ne, a ƙasarmu kujerar ta riga karatun zuwa da shekaru masu yawa, kuma har yau ba su gama haɗuwa ba.

Kafin zuwan boko ba a rasa makarantu ba, ba a kuma rasa tsari ba. Cikin 1914 Lugga ya ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu almajirai fiye da 200,000. Kowace tana da malaminta, shi ne mai ita, shi ne shugabanta. A tsangaya gardawa ne suke kula da ƙolaye da titibirai, ana noma gonar malam da damina, ana kawo kuɗin Laraba, ana tashi ci-rani da kaka. Gardin da ya daɗe a gaban malam yana ganin yadda ake raba aiki da yadda ake sasanta rigima, ranar da ya sami izini sai ya je ya kafa tasa. Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta yi abin da ya fi wannan faɗi. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji ta ba su malafa alamar muƙami, su kuma suka riƙa jagorantar matan ƙauyuka suna kai musu karatu cikin waƙa. Wanda duk ya san wahalar sa ido a kan malaman da ke nesa zai gane wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Boko ya shigo da nasa salon. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa. Cikin 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai, wadda aka mai da ita Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949, ita ce Barewa ta yau. A Katsina an koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. Mulki kuwa na Bature ne, ba a sa shi cikin darasi ba. Da aka kafa makarantun Midil wajen 1930, aka fara ba 'yan ƙasa hedimasta, sai hedimastan ya sami kansa tsakanin iyayengiji biyu. Makaranta ta En'e ce, albashi da abincin yara daga Baitulmali suke fitowa, saboda haka tilas ya san hanyar fada. A ɗaya gefen kuma ga Baturen makaranta na lardi, wanda zai zo ya duba rajista da sito da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, ya rubuta rahoton da ƙarin girma ya dogara a kansa. Yadda za a gamsar da waɗannan biyu ba tare da an cuci yara ba, shi ne ainihin ilmin hedimasta a wancan zamani, kuma da ido aka koye shi, ta kallon wanda aka gada.

Karo na farko da aka yi wani abu mai kama da ƙaro karatu shi ne cikin 1945, sa'ad da aka tura waɗansu manyan malaman Arewa Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan su yi shekara guda. Cikinsu akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, hedimastan Midil ta Bauci, wanda mu muka fi sani da littafin Shaihu Umar. Shekarar da ta biyo Malam Aminu Kano ya tafi. To, me makaranta ta samu da dawowarsu? Malam Abubakar ya dawo cikin 1946 aka ba shi aikin duba makarantu, amma kafin a je ko'ina ya shiga Majalisar Arewa, cikin 1947 yana Majalisar Dokoki a Ikko. Malam Aminu ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa cikin 1948, aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, cikin 1950 ya ajiye aiki ya kama siyasa. Tun kafin su, Ahmadu Bello ya bar Midil ta Sakkwato cikin 1934 ya zama hakimin Raɓa, Abubakar Imam kuma ya bar Midil ta Katsina ya koma Zariya aikin talifi da jarida. Kashim Ibrahim na Barno, da Aliyu Makaman Bida, da Shehu Shagari wanda ya yi hedimasta a Argungu, duk hanya ɗaya suka bi. Ba laifinsu nake gani ba, ƙasa tana bukatarsu, kuma babu inda za a samo masu boko sai a aji. Amma gaskiya ita ce makarantar Arewa ta yi ta yi wa ƙasa renon shugabanni, ita kuwa ba a bar mata ko na rantsuwa ba.

Abin ya daɗa tsanani cikin shekarun 1950, da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar mai da ayyuka hannun 'yan Arewa. Aka ƙarfafa makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo a Zariya, inda ake horar da Di'o-Di'o da alƙalai da ma'aji da magatakardan En'e. Malamin da ya iya Turanci sosai ofis yake hange. Hedimasta bai sami makaranta irin ta Kongo da aka keɓe dominsa ba.

Shi wannan fanni a Amurka aka haife shi, kuma daga masana'anta ya fito. Cikin 1911 Frederick Taylor ya fitar da littafinsa kan yadda za a auna aikin lebura da agogo don a rage ɓarnar lokaci. Cikin 1916 wani injiniyan ma'adinai na Faransa, Henri Fayol, ya karkasa aikin shugaba zuwa hangen gaba da tsarawa da ba da umarni da daidaitawa da bin sawu. Masu riƙe da makarantun biranen Amurka suka rungumi wannan tunani har suka riƙa lissafa kuɗin da kowane darasi yake ci kamar kayan kanti, abin da Raymond Callahan ya yi wa kakkausan suka cikin wani littafi da ya fitar a 1962. Daga 1950 Gidauniyar Kellogg ta zuba kuɗi a jami'o'i domin a mai da mulkin makaranta ilmi mai ƙa'idoji, ana aro daga nazarin halayyar ɗan Adam da na zaman jama'a. A daidai lokacin da abin yake tashe a can ne jami'o'inmu suka fara tsayuwa. Rahoton Ashby na 1960 ya nemi a yawaita malamai masu digiri, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, aka kafa mata Cibiyar Ilmi cikin 1965, malamai daga jami'o'in Ohio da Wisconsin kuma suka zo Arewa aikin horon malamai cikin shekarun 1960. Ta irin waɗannan hanyoyi, da ta 'yan ƙasa da suka je can suka yiwo digiri, littattafan suka iso mana.

Amma abin da ya tilasta wa hukuma ta ɗauki fannin da muhimmanci shi ne UPE, watau shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta. Janar Gowon ya yi shelarsa a Sakkwato cikin 1974, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shi cikin Satumba 1976. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Ba abin mamaki ba ne in aka tuna cewa ƙidayar 1963 da gardama ta ƙare, ta 1973 kuma soke ta aka yi, ga shi yawancin yara ba su da takardar haihuwa. Mai tsara ilmi da bai san yawan 'yan shekara shida a gunduma ba, da me zai ƙirga azuzuwa da benci da malamai? Aka buɗe makarantun horon malamai cikin gaggawa, aka gajarta kwas, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin 1976 don ta horar da waɗanda suke bakin aiki ba tare da sun bar aji ba. A ƙauyuka da yawa saurayin da ya fito makaranta jiya shi aka danƙa wa sabuwar firamare, wani wuri ƙarƙashin inuwar itace, shi ne hedimasta shi ne malamin lissafi shi ne mai zuwa gidan dagaci roƙon a sako yara. A wannan shekarar kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen En'e, watau tsohuwar hanyar da hedimasta ya sani ta kai kuka ta rufe, sabuwar ba ta gama buɗewa ba. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi. A wannan hali ne kwasa-kwasan mulki da tsara ilmi suka yaɗu a jami'o'inmu, har cikin 1992 gwamnatin tarayya ta kafa cibiya ta musamman a Ondo domin horar da masu tsara ilmi da masu gudanar da shi. Sai da tulu ya fashe aka tafi koyon ɗaukar ruwa.

Wanda ya shiga wannan digiri zai karanta ra'ayoyin masana kan mulki, da kasafin kuɗin makaranta, da dokokin ilmi, da kula da ma'aikata, da duba aikin malamai, da ƙididdiga, sa'an nan ya rubuta kundi. Irinmu da digirinmu na farko ba na ilmi ba ne, sai mun fara yin babbar difloma ta koyarwa kafin a karɓe mu.

A ƙasashen waje sunan fannin ma ya sauya. Tun daga binciken Ronald Edmonds na 1979, wanda ya nuna cewa makarantun 'ya'yan talakawa da suke yin abin kirki suna da shugaba mai sa ido a kan karatu, aka fara fifita maganar jagoranci a kan ta mulki. Ingila ta ƙirƙiro takardar shaida ta musamman ga mai son zama hedimasta cikin 1997, ta kafa kwalejin shugabannin makarantu a Nottingham cikin 2000, ta wajabta takardar cikin 2004, kana ta janye wajabcin cikin 2012. A nan ɗalibin Hausa yana da abin cewa, domin harshenmu ya riga ya raba kalmomin. Mai mulki yana iya zama a zaure a kawo masa gaisuwa. Jagora kuwa asalinsa mai jan gora ne, wanda yake gaba riƙe da bakin sanda, in ya faɗa rami tare za a faɗa. Firinsifal da bai taɓa leƙa aji ya ga yadda ake koyar da 'yan aji ɗaya karatu ba yana mulki ne kawai.

A jihohinmu kujerar tana bin matakin albashi da yawan shekarun aiki da takardar ma'aikata, wani lokaci da wanda ka sani. Digirin yana taimaka wa ƙarin girma, amma mutum yana iya riƙe makaranta mai yara dubu ba shi da shi, wani kuma yana da shi bai taɓa riƙe ko ta yara hamsin ba. A sakandaren da na yi, firinsifal uku muka gani cikin shekara shida. Na tsakiyarsu shi ne ya dawo daga jami'a da babban digiri, ya gyara jadawalin darussa, ya fara shiga aji yana zama a baya yana sauraron malamai, kafin shekara biyu aka ɗauke shi aka kai hedikwata. Labarin 1946 ke nan ya sake maimaituwa.

Akwai kuma abin da yake damuna game da littattafan kansu. Waɗanda na duba a laburare da Taylor da Fayol da Weber suke farawa, kamar a nan ba a taɓa tunani kan riƙon jama'a ba. Alhali a ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarakuna, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa. Ba don makaranta aka rubuta su ba, amma shi ma Fayol ba don makaranta ya rubuta nasa ba. Zaɓen wanda za a ba amana, da binciken ma'aikaci, da tsare dukiyar jama'a, duk suna ciki. Haka kuma hedimastan ƙauye da Hausa yake shawo kan uban da zai cire 'yarsa daga aji biyar, da Hausa yake zama da dagaci da liman da kwamitin iyaye, amma duk horon da aka ba shi da Turanci ne, ko kalmomin aikin ba a daidaita masa ba.

Tarihin nan da na kawo ma rabinsa ne, domin rahotannin da suke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna yawanci Baturen makaranta ne ya rubuta su, da idonsa ya ga abin. Ɗaya rabin yana cikin tsofaffin littattafan hedimastoci da gara take ci a sito, da kuma bakin samarin nan da aka danƙa wa makarantun UPE cikin 1976. Waɗanda suke raye cikinsu yanzu sun kai shekara 70 ko sun haura, suna zaune a ƙofar gida, kuma hira da su da Hausa za a yi ta. Mu ne aka koya wa ɗaukar magana daga bakin dattawa da rubuta ta bisa ƙa'ida, ga shi kuwa kowace shekara ana neman kan maganar da za a rubuta kundin digiri a kai.