Takari a Bakin Ƙofar Al-Aƙsa

Idan ana batun Falasɗinu, mukan ɗauka labarin wasu mutane ne can nesa, namu dai addu'a da zanga-zanga bayan sallar Juma'a. Ba mu cika tunawa da cewa akwai jininmu a tsohon birnin Ƙudus ba, dab da Babul Majlis, ɗaya daga ƙofofin Masallacin Al-Aƙsa.

Kakanninsu alhazan ƙasa ne, masu tafiya a ƙafa ta Chadi da Sudan, a yi noma a wannan gari, a yi ƙodago a wancan, har a ga Ka'aba bayan shekaru. Wasu da suka sauke farali sai suka zarce Ƙudus ziyara, yawancinsu a zamanin mulkin Ingila, suka kama aikin gadin masallaci, suka auri matan gari. Akwai Hausawa a cikinsu, da Barebari, da Zagawa, da Larabawan Salamat.

Masaukinsu gine-gine biyu ne na zamanin Mamluk, Ribaɗ Ala'uddin da Ribaɗ Mansuri, waɗanda aka gina domin baƙin ziyara tun ƙarni na 13. Turkawan Usmaniyya sun mayar da su kurkuku lokacin yaƙin duniya na ɗaya, har ana kiran ɗayan kurkukun jini. Cikin waɗannan ɗakuna jikokin suke har yau, 'yan ɗaruruwa ne, a cunkushe. Abin takaici, har cikin maƙwabta Larabawa akan samu mai jifan su da kalmar "bayi", alhali kuwa wahalar da ake sha tare suke shan ta.

Daga cikinsu Fatima Barnawi ta fito. Sunan ma ya faɗi asalin mahaifinta, Borno. A 1967 Isra'ila ta kama ta kan ajiye bam a wani gidan silima a Ƙudus. Bam ɗin bai tashi ba, aka yanke mata ɗaurin rai da rai, ta yi shekara 10 aka sake ta aka kore ta daga ƙasar. Daga baya ita ta jagoranci 'yan sanda mata na hukumar Falasɗinu. Ta rasu a Alƙahira a 2022.

Amma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya yau takarda ce. Tun da Isra'ila ta mamaye gabashin Ƙudus a 1967, akasarin Falasɗinawan birnin izinin zama kawai suke riƙe da shi, irin na baƙo. Daga 1995 aka tsananta: dole mutum ya nuna cewa a Ƙudus rayuwarsa take, da takardun haraji, da na wuta, da na makarantar yara. Wanda karatu ko aiki ya daɗe da shi a waje, ana iya soke masa. An soke wa fiye da mutum 14,000.

To jikan alhajin da ya tako daga bakin Tafkin Chadi, shi da aka yanke cibiyarsa taku kaɗan daga masallacin, idan ya nufi salla sai ya bi ta gaban 'yan sandan da ke ƙofar, katin shaida a aljihu.