Tsofaffin Wuƙaƙe a Ƙasar Kurfai: Tarihinsu da Batun Tattara Su

1. Gabatarwa

Ƙasar Kurfai tana arewacin kwarin Dallol Boso, babban garinta kuwa shi ne Filinge, mai nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa suna maƙwabtaka da Zabarmawan Tondikandiya da Buzayen Imanan da na Tagazar, ga kuma Fulani makiyaya. A irin wannan mahaɗa ta al'ummu, kayan hannu sukan ɗauki alamar kowane maƙwabci. Wuƙa tana daga cikin waɗannan kaya, kuma abin da ya sami tsofaffin wuƙaƙe ya shafi mai nazarin harshe kamar yadda ya shafi mai nazarin tarihi.

2. Wuƙa kafin zuwan Turawa

Wuƙar gargajiya ba mai ninkewa ba ce. Ruwanta a miƙe yake, a kafe cikin ƙota, ana kuma ɗaukarta a cikin kube. Aikin hannu biyu ne: maƙeri ya ƙera ruwan, baduku ya ɗinka kuben da fatar akuya ko ta tunkiya, ya yi masa ado da rini ja ko baƙi ko kore. Ƙarfen kansa daga tama ake samo shi. Nicole Echard, wadda ta daɗe tana bincike a tsakanin Hausawan Adar, gabas da Kurfai, ta ɗauki hoton silima na narka tama a shekarun 1960, lokacin da sana'ar take gab da ƙarewa. Aikinta ya nuna cewa narka tama ilmi ne na gado, mai dokoki da tsafe-tsafe, wanda ba kowane gidan maƙera ya mallaka ba.

Kowane aiki da wuƙarsa. Mahauci yana da barho, wanzami yana da aska, magidanci yana da wuƙar yanka wadda ake wasawa in layya ta gabato. Matafiyi da mayaƙi kuwa suna da wuƙar hannu, wadda ake ratayawa a damtse ko a sangalin hannun hagu da zoben fata, hannun riga ya rufe ta. Ita ce ta tsaya wa mutanen dā a matsayin wuƙar aljihu. Buzaye suna da irin tasu mai suna telak, wadda ƙotarta take da siffar gicciye, maƙeransu da ake kira inadan su ne masu ƙera ta.

A ƙarni na 19 yankin Dallol bai rabu da hare-hare ba, tsakanin manoma da Buzaye, da kuma tsakanin garuruwa su da kansu. Namiji ba ya fita daji hannu sake. Wannan zamani ne ya ɗaukaka jarumawa irin su Gado Namalaya, wanda Faransawa suka danƙa wa sarautar Kurfai a farkon ƙarni na 20. Laƙabin Mayaƙi da ya zauna a gidan sarautar Filinge shaida ne na irin matsayin da makami yake da shi a lokacin.

3. Shigowar wuƙa mai ninkewa

Mulkin mallaka ya sauya abu biyu. Na farko shi ne asalin ƙarfe. Da motoci da kayan Turai suka yawaita, maƙera suka koma ga tsohon ƙarfe, musamman sifirin na mota, domin ya fi tama sauƙin samu, yana kuma riƙe kaifi. Na biyu shi ne siffar wuƙar. Kamfanonin ciniki irin su CFAO da SCOA sun cika kasuwannin Afirka ta Yamma da ƙananan kayan ƙarfe, a cikinsu har da wuƙa mai ninkewa. An fara ƙera Okapi a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, sai a 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Gidan Cognet na birnin Thiers a Faransa ya fito da Douk-Douk a 1929. An nufi tsibiran tekun Fasifik da ita, amma a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka ta sami kasuwa.

Wuƙa mai ninkewa tana da araha, ba ta bukatar kube, ga ta kuma tana shiga aljihu ba tare da ta jawo idon hukuma ba. Da haka ta rage wa baduku aiki. Amma ba ta kori barho da aska da wuƙar layya ba, saboda yanka da fiɗa suna son ruwa mai ƙarfi wanda ba ya lanƙwasa. Ke nan tsofaffin wuƙaƙen da suka rage a gidaje iri uku ne: na tama, na tsohon ƙarfen Turai da aka ƙera a gida, da na kanti. Rarrabe su shi ne aikin farko na mai tattarawa.

4. Tattarawa da abin da take bari a baya

An kafa gidan tarihi na Yamai a 1959, ta ƙoƙarin Boubou Hama da Pablo Toucet, kuma tun da wuri aka ba masu sana'ar hannu wurin aiki a harabarsa. Sai dai galibin tsofaffin makamai ba ta wannan ƙofa suka bar gidajen masu su ba. Farin 1973 da na 1984 sun tilasta wa iyalai da yawa a Sahel sayar da kayan gado, dillalai kuma suka kai su hannun baƙi masu sha'awa. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 1997 sun yi tanadin kare kayan tarihi, amma ƙaramin abu kamar wuƙa ba shi da wuyar ɓoyewa a jaka.

Mai sha'awa yakan dubi kyan ruwa, da adon jan ƙarfe a ƙota, da lafiyar kube. Ba laifi a nan. Matsalar ita ce wuƙar takan isa gare shi da takarda mai cewa "wuƙar Buzaye" ko "wuƙar Hausawa" kawai, babu sunan gari, babu na gidan maƙera, babu abin da masu ita suke kiranta. A ƙasa irin Kurfai, inda maƙerin wata al'umma yake yi wa wata aiki, irin wannan suna ya fi ɓatarwa bisa shiryarwa. Wani lokaci ma akan goge tsatsa da magagari, ko a sake kube, sai shaidar shekarun ta tafi tare da daƙon.

Abin da ya fi saurin ɓata shi ne kalmomi. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana kalmomin ƙira da dama, irin su uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi, amma a Nijeriya aka tattara su. Hausar Kurfai tana da furucinta. Alal misali, kamar sauran Hausar yamma, tana cewa hwata inda Kano take cewa fata. Harshen yau da kullum ma cike yake da wuƙa: akan ce wane kaifi ɗaya ne, ko a ce wuƙa da nama suna hannunsa. Yaron da bai taɓa ganin maƙera ba zai riƙe maganar, ya rasa tushenta.

5. Kammalawa

Ga masu bincike, abin da ya kamata shi ne kowace wuƙa da aka samu a rubuta mata bayani da Hausar mai ita: sunanta, sunayen sassanta, garin da aka ƙera ta, irin ƙarfenta, aikinta, da hannuwan da ta bi. Ba dole a raba ta da gidanta ba. Hoto da awo da ɗaukar murya sun wadatar. Cibiyar CELHTO da ta IRSH a Yamai sun daɗe da sanin hanyar irin wannan aiki.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci kuwa, waɗannan bayanai kayan karatu ne da suka zo a shirye. Babban mutum yakan fi saurin karanta abin da hannunsa ya riga ya sani, kuma shi ne zai gyara wa malami in an rubuta sunan ba daidai ba. Aikin yana bukatar gaggawa. Rashin tsaron da ya addabi jihar Tilaberi tun shekarun 2010 ya raba mutane da garuruwansu, dattawan da suka ga ƙarshen zamanin tama kuwa saura kaɗan. Wuƙa tana iya jiran shekara ɗari a cikin adaka, amma wanda ya san sunanta ba zai jira haka ba.