Sharewa a Kundin da Ba Ya Mantuwa: Nazari kan Hyperledger Fabric

Bulokcen iri biyu ne a taƙaice. Akwai na kowa da kowa, irin na Bitcoin, da duk mai kwamfuta zai shiga ba sallama. Akwai kuma na masu izini, inda sai an san ka, an ba ka takardar shaida, kafin ka karanta ko ka rubuta. Hyperledger Fabric, da ke ƙarƙashin Gidauniyar Linux, wanda cikakkiyar sigarsa ta farko ta fito a 2017, na rukuni na biyu ne, kuma a kansa aka gina kuɗin dijital na eNaira da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Oktoban 2021. Hujjar wannan maƙala ita ce, a irin wannan kundi, tun ranar da aka rubuta bayani ake yanke ko zai sharu ko ba zai sharu ba.

Kowace kwamfutar mamba tana riƙe da abu biyu. Na farko sarƙar tubala, inda kowane tubali ke ɗauke da hatimin lissafi na wanda ya gabace shi, ta yadda taɓa harafi ɗaya a baya zai sa sarƙar ta ƙi haɗuwa. Na biyu rumbun halin yanzu, a LevelDB ko CouchDB, mai nuna matsayin kowane abu na ƙarshe. Rumbun kamar allo yake: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Sarƙar kuwa kundi ce da ba a yage mata shafi. Idan manhaja ta kira umarnin DelState a kan bayanan wani abokin hulɗa, allon kawai aka wanke. A kundin ma ƙari aka samu, domin sharewar kanta sabuwar shigarwa ce da ke cewa an cire abu kaza a lokaci kaza. Mai izini da ya kira GetHistoryForKey zai ga suna, adireshi da lambar waya yadda aka fara shigar da su, tare da alamar cewa an share. Ko allon ma, daga kundin ake iya sake gina shi kakaf.

Doka ba ta yarda da wannan a matsayin sharewa ba. Sashe na 17 na dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ya bai wa mutum 'yancin neman a goge bayanansa, haka ma dokar Nijeriya ta 2023.

Mafitar da Fabric ya kawo a sigar 1.2 ita ce ajiyar sirri. Ainihin bayanin ba ya hawa sarƙa; tsakanin mambobin da aka amince wa kaɗai yake yawo, hatiminsa ne ke shiga tubali a matsayin shaida. Ana iya saka masa wa'adi da blockToLive, ya goge kansa bayan an ƙara tubala adadi kaza. Sigar 2.5 ta 2023 ta ƙara PurgePrivateData, mai kawar da bayanin har da tarihinsa daga kwamfutocin mambobi. Wannan sharewa ce ta gaske, amma ga wanda ya yi tanadi tun farko kawai. Wanda ya riga ya zuba sunayen mutane a tsakiyar tubali, bakin alƙalami ya bushe.

Hatimin da ya rage ma abin dubawa ne. Lambar wayar Nijeriya lambobi 11 ce, ta farko sifili. Mai kwamfuta mai ɗan ƙarfi zai bi duk lambobin da za su yiwu, yana buga wa kowace hatimi da SHA-256, har ya dace da wanda ke kan sarƙa, cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ake gauraya bayanin da wasu haruffan sirri kafin a buga hatimi, sannan a halaka su tare da shi. A 2018 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta karkata ga irin wannan dabara, tana ganin halaka irin wannan mabuɗin sirri yana kusantar da mutum ga 'yancinsa, ko da ba gogewa ba ce a zahiri.

Wasu masana sun nemi a huda sarƙar kanta. Giuseppe Ateniese da abokan bincikensa, tare da kamfanin Accenture, sun gabatar a 2016 da tsarin da ke amfani da hatimin hawainiya: mai riƙe da mabuɗi na musamman zai canza abin da ke cikin tubali ba tare da hatimin ya sauya ba. Dabara ce mai kyau a lissafi, sai dai ban gamsu da ita ba. Mambobi sun rungumi bulokcen ne don kada ɗayansu ya iya gyara tarihi a ɓoye, ga shi kuma an ƙera mabuɗin yin hakan, sai a koma gardamar hannun wa zai zauna.

Akwai kuma inda babu umarnin da ke kaiwa. Bankin da ya karɓi bayanin sirri yana iya kwafe shi zuwa wani rumbu, ko ya bar shi a ajiyar ko-ta-kwana ta makon jiya. PurgePrivateData ba ya shiga can. Abin da ke shiga shi ne yarjejeniyar da mambobi suka sa wa hannu, da mai binciken da zai je ya duba, da tarar da hukuma za ta ci wanda aka kama. A nan kundin masu izini ya fi na Bitcoin sauƙin sha'ani, domin kowane mai riƙe da kwafi an san sunansa da ofishinsa.