Hatimi, dagi da tsaga: tarihin wasu alamomi a kan iyakar Karakara

1. Gabatarwa

Wanda ya tambayi ma'anar wata alama, galibi tambayoyi biyu yake haɗawa: me take nufi, kuma daga ina ta fito? Ana ɗauka cewa amsar ta biyu ita ce amsar ta farko. A cikin wannan ɗan rubutu za mu nuna cewa ba haka abin yake ba, kuma za mu kafa hujja da alamomi uku da aka sani a ƙasar Karakara: tauraro mai tsini shida na jikin tsohon kwabo, da dagin da ake ce wa na Arewa, da tsagar fuska ta Arawa.

Mun zaɓi Karakara ne saboda matsayinta. Ƙasar Arawa ce a yankin Dallol Mawri, cikin jahar Dosso, tana ƙarƙashin Gaya har zuwa 2011 da aka mai da Junju (Dioundiou) gunduma. Gabas da ita jihar Kabi ce ta Nijeriya; kudu kuma, bayan Gaya, akwai gadar Malanbil mai ƙetara kogin Kwara zuwa Benin. Yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila ne suka tsara iyakarta da Nijeriya, sannan tawagar Tilho ta kafa turakun iyakar daga 1906 zuwa 1908. A wuri irin wannan, alama takan ƙetaro iyaka tare da fatake, ma'anarta kuwa ba kullum take biyo ta ba.

2. Kalmomin

Faransanci yana bambanta signe da symbole. A cikin darussansa da aka buga a 1916, Saussure ya ce babu dalili na ɗabi'a da ya ɗaure kalma da abin da take nufi, amma symbole yana riƙe da ɗan dalili: sikeli yana tsaya wa adalci, ba za a sa keken doki a gurbinsa ba. Hausa ba ta nan ta yanka ba. Alama, wadda aka aro daga Larabci, ta haɗa duka biyun. Sauran kalmomin kuwa kowace tana ɗauke da sunan mai iko da abin: hatimi (Larabci khatim, zoben bugawa) na malami ne da alƙali, tuta ta mai jihadi ce da gwamnati, tambari kuwa ganga ce ta sarauta tun kafin ya zama abin da ake bugawa a kan takarda. Watau harshen da kansa ya fi kula da hannun da ke riƙe da alama bisa ga siffarta. Wannan hanyar za mu bi.

3. Tauraron kwabo

Matashin da aka nuna wa kusurwa-uku biyu da aka sarƙa, ɗaya tana kallon sama ɗaya ƙasa, zai ce tauraron Yahudawa ne. Kakansa da ya ci kasuwar Kamba ko ta Kangiwa kafin 1973 zai ce kwabo ne. Malamin zaure na da kuwa cewa zai yi hatimin Annabi Sulaimanu ne. Dukansu sun faɗi gaskiya, kowa a zamaninsa.

Alƙur'ani ya ba da labarin mulkin Annabi Sulaimanu a kan aljannu da iska da tsuntsaye, musamman a cikin surorin Namli, Saba'i da Sad, amma bai ambaci zobe ba. Labarin zoben daga tafsirai da ƙissoshin annabawa ya zo. Daga nan masu ilimin asirai suka ba hatimin siffa, wani lokaci tauraro mai tsini biyar, wani lokaci mai shida, kamar yadda ake gani a cikin littafin Shamsul Ma'arif da ake dangana wa al-Buni (ƙarni na 13), wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe da sani. Sarakunan Maroko sun buga mai tsini shida a kan kuɗinsu na tagulla a ƙarni na 19, kuma a 1915 aka sa mai tsini biyar a kan tutar ƙasar da wannan suna na hatimin Sulaimanu.

Yadda ya hau kwabo, Lugard ne da kansa ya bayyana a rubuce daga baya. Ya ce sojojinsa sun samu zanen a kan murfin wata kyakkyawar buta ta tagulla lokacin da suka ci Kwantagora, garin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, a 1901, shi kuma ya ga ya dace ya zama tambarin Nijeriya ta Arewa. A lura da abin da ya faru a nan: ganimar yaƙi ce aka mai da tambarin wanda ya ci yaƙin, kuma an zaɓe ta ne don ana zaton waɗanda aka ci za su gane ta a matsayin tasu. A 1907 aka fara buga kwabo da anini (kashi ɗaya cikin goma na kwabo) masu huji a tsakiya, da tauraron kewaye da hujin, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, tauraron, kore a cikin jan da'ira, ya hau tutar mulkin mallaka, ya zauna har 1 ga Oktoba 1960. A jikin kuɗi ya fi haka daɗewa, domin kwabon da Nijeriya ta buga a 1959 yana ɗauke da shi, kuma an ci gaba da kashe shi har zuwan naira a 1973.

A wannan gefen iyaka kuɗin hukuma na Faransa ne, daga 1945 kuma sefa. Amma kasuwa ba ta bin hukuma sau da ƙafa, shi ya sa kwabo, sisi da sule suka zauna a bakin Hausawan Nijar kusa da dala da tamma. (Dala ma, wadda muke kira sefa biyar da ita, sunan tsohon kuɗin azurfa ne na Turai, kifin da ke jikin sefa kuwa ma'aunin zinariya ne na Akan. Wa ke tuna wannan in yana sayen goro?)

A daidai shekarun nan ne wannan siffa take samun wata ma'ana a Turai. Gershom Scholem ya nuna a 1949 cewa ba tsohuwar alamar addinin Yahudu ba ce: al'ummar Yahudawan Firag ce ta fara riƙon ta a matsayin tambari, ta bazu daga ƙarni na 17, taron Basel na 1897 ya ɗauke ta, ƴan Nazi suka tilasta ɗinka ta a riga a 1941, ta hau tutar Isra'ila a 1948. Ma'anar baya-bayan nan ta rinjayi sauran har ta kusa shafe su. Illar wannan ga mai bincike a fili take: ɗalibin da ya tarar da tauraron a cikin tsohon kundi, ko a kan ƙofa, ko a jikin tasa, yana iya rubuta cewa ya gano sawun Yahudawa a ƙasar Hausa, alhali abin da ya gano hatimin malami ne. Ga wani abin da ya rage na kwabon a harshe: a Nijeriya har yau ana ce wa hafsa mai anini biyu ko uku, ana nufin taurarin da ke kafaɗarsa.

4. Dagi

Dagi hanyarsa daban ce. Ya fara ne a hannun masu sana'a: maɗinkin babbar riga da ke zana shi kusa da aska biyu ko aska takwas, da baduku, da magini mai shafen bango a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausa a jami'ar Zariya, ya tattara kayan fasahar Hausa masu yawa a nunin da aka yi a Landan a 1976. A rubuce, kalmar dagi ta haɗa tafin zaki ko kyanwa, da ƙarfen haƙa rami, da wannan zane. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya maganar haɗin kai.

Maganar haɗin kai siyasa ce ta kawo ta. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, aka ɗauki zanen don ya tsaya wa jihar da ta tara ƙabilu da addinai masu yawa, aka fassara igiyar da ba a ganin farkonta ko ƙarshenta da cewa zumunci ne wanda ba ya tsinkewa. An rusa jihar a 1967, an raba ta shida, amma tambarin bai faɗi tare da ita ba. Sai ma ya ƙara ƙarfi, ya koma kan ƙofofi, da kanun takardun ƙungiyoyi, da tutar da wasu ke kira ta Hausawa.

Masu neman asalinsa sukan tsaya ga kamanni. Gaskiya ne sarƙaƙƙen ƙulli irin wannan yana cikin daɓen gidajen Rumawa, da adon littattafan Musulunci, da sassaƙar Yarbawa, da saƙar Kuba ta Kwango. Wasu sun ce daga gicciye ya fito, wasu sun ce daga Masar. A tamu fahimta, wannan kuskuren da muke hana ɗalibai ne a darasin asalin kalmomi: kalmomi biyu su yi kama ba ya nufin uwarsu ɗaya, sai an nuna hanyar da ɗaya ta bi ta isa ga ɗayar. Duk wanda ya taɓa tufka igiya ko saƙa tabarma yana iya isa ga wannan ƙulli ba tare da ya ga Rum ba.

5. Wace Arewa?

Sunan dagin Arewa da kansa tarko ne a Karakara. A Kaduna, Arewa kishiyar Kudu ce. A Dallol Mawri kuwa Arewa ƙasar Arawa ce, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, kuma bisa ga labarun da Marc-Henri Piault ya tattara (Histoire mawri, 1970) suna dangana kansu ga Ari, ɗan sarautar Barno, wanda zuriyarsa ta tarar da Gubawa da Sarauniyarsu a Lugu. Ƙaramar hukumar Arewa Dandi da ke Kangiwa, a ƙetaren iyaka, wannan Arewar take nufi, ko da yake tana cikin waccan.

Alamar wannan Arewar ba dagi ba ce, tsaga ce: layi biyu a kowane kumatu, daga gefen baki zuwa wajen kunne, aikin wanzami tun yaro yana jariri. A cikin alamomin uku, ita kaɗai ce ke aiki kamar sautukan harshe. Layi biyu ba su nufin kome su kaɗai. Suna nufin Ba'are ne domin na Bakabe da na Bagobiri sun fi haka yawa. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi na ƙarni na 19, wannan bambanci yana iya raba mutum da igiya, ko ya mai da shi gida bayan shekaru. Yau katin shaida ya karɓi aikin, iyaye da yawa sun daina, kuma dokar haƙƙin yara ta tarayyar Nijeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Mai son ya kwatanta tsagar Karakara da ta Matankari da ta Kangiwa, fuskokin tsofaffi ne kundinsa, kuma aikin na gaggawa ne.