Mayen Ƙarfe da Tsagar Ƙarfe: Daga Maƙera zuwa Layin Dogon Ƙauran Namoda

Hausa tana da suna biyu na abin nan da ke jawo ƙarfe ba tare da igiya ba. Na farko shi ne maganaɗisu, wanda aka aro daga Larabci, su kuma Larabawa daga Girkanci, inda asalinsa sunan wani yanki ne, Magnesiya. Na biyu shi ne mayen ƙarfe, ƙirar Bahaushe da kansa, kuma ya fi na aron faɗin gaskiya. A camfin Hausawa ana danganta wa maye abu biyu: yana ganin abin da ke cikin jikin mutum, yana kuma kama shi ba tare da ya taɓa shi ba. Tarihin dangantakar maganaɗisu da tsagewar ƙarfe a kan waɗannan biyun ya ginu, wato gani da kamu, sai dai masana sun ci moriyar ganin tun da daɗewa kafin su fahimci kamun.

Sanin kowa ne cewa maƙeran Ɗan Isa da Zurmi da Shinkafi ba baƙin tsagar ƙarfe ba ne. Mai ƙera garma da fartanya da gatari ya san cewa idan ya tsoma ƙarfen da ya yi ja a ruwa zai yi tauri, ya kuma san cewa taurin nan yana tafe da gautsi, har wani lokaci bakin gatarin ya dare tun bai bar maƙera ba. Ma'auninsa ido ne da kunne. Yana duban launin ƙarfen a wuta, in ya gama kuma ya ƙwanƙwasa ya saurara, domin lafiyayyen ƙarfe yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Abin sha'awa shi ne, jan nan da maƙeri ke jira yana dab da wata iyaka da Pierre Curie ya bayyana a Faransa a 1895: idan zafin baƙin ƙarfe ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Selshiyos, maganaɗisu ba ya ƙara kama shi sai ya huce. Shi ya sa maƙeran wuƙaƙe a wasu ƙasashe ke kanga maganaɗisu ga ƙarfen da ke wuta, in ya daina kamawa su san lokacin tsomawa ya kusa.

Kunne ya wadatar muddin abin da zai karye bai wuce garma ba. A 1929 ne layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, tafiyar fiye da kilomita 200, garin ya zama ƙarshen hanya kuma matattarar gyaɗa da audugar ƙasar. Abin da manomin Ɗan Isa ya noma, jaki ko raƙumi ya kai tasha, daga nan ƙarfe ne ke ɗauke da shi har bakin teku a Ikko. Wannan ƙarfe kuwa da tasa cutar ya zo, wadda Turawa suka riga suka ɗanɗana. Ranar 8 ga Mayu, 1842, sandar da ke riƙe da ƙafafun kan wani jirgin ƙasa ta karye tsakanin Versailles da Faris, taragu suka hau juna suka kama wuta, mutum fiye da 50 suka hallaka. Ba wani nauyi na musamman aka ɗora mata ran nan ba. August Wöhler, injiniyan reluwe a Jamus, ya shafe shekaru yana juya irin waɗannan sanduna a na'ura, ya nuna a 1870 cewa ƙaramin nauyi, in ana ɗorawa ana saukewa sau dubbai, yana karya abin da babban nauyi bai karya ba a karo ɗaya. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe.

Dalilin haka bai fito sarai ba sai da C. E. Inglis a 1913 da A. A. Griffith a 1921 suka yi bayaninsa a Ingila, amma duk mai sayar da yadi a kasuwar Shinkafi yana aiki da shi kullum. Ƙato ba ya iya yaga sabon yadi da hannu, amma da zarar an ɗan tsaga bakinsa da almakashi, sai yaro ya keta shi har ƙarshe, saboda dukan ƙarfin jan ya taru a ƙarshen tsagar. Haka ƙarfe yake. Tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da tarago ya bi ta kai, har ranar da ragowar ƙarfen zai kasa. Ma'aikatan reluwe sun daɗe suna bin ƙafafun jirgi da guduma suna saurare, wato dabarar maƙeri ke nan, sai dai kafin tsaga ta sauya amon ƙarfe ta riga ta girma.

A nan ne aka nemi idon maye. Tun a 1868 wani Baturen Ingila, S. M. Saxby, ya gwada bin bututun bindiga da allurar kamfas, ya lura tana karkata a inda ƙarfen ke da aibi. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma William Hoke a Amurka ya ga garin ƙarfen da ke zuba wajen wasa taurararren ƙarfe, wanda maganaɗisu ke riƙe da shi, yana jeruwa bisa layukan da suka zamo tsaga ce. Hikimar ba ta da wuya. Ƙarfin maganaɗisu ya fi son bi ta cikin ƙarfe a kan ya bi ta iska. In ya tarar da tsaga ta gitta masa, sai wani sashe nasa ya ɓullo waje ya tsallaka, kamar ruwan da ya tarar da kwalbati a toshe ya hau titi. Gefunan tsagar biyu sun zama ƙananan maganaɗisu ke nan, garin ƙarfe kuwa ya taru a kansu ya zana wa ido abin da da ba ya gani. A 1929, shekarar da jirgi ya shigo Ƙaura, Alfred de Forest da F. B. Doane suka kafa kamfanin da ya mai da wannan dabara sana'a, wanda aka sa wa suna Magnaflux a 1934.

Shi kansa layin dogo wata hanya aka bi masa. A watan Agusta na 1911 dogo ya karye a ƙarƙashin jirgin fasinja a garin Manchesta na Jihar Niyok, mutum 29 suka mutu, bincike kuma ya nuna tsagar daga can cikin ƙarfen ta faro, inda babu idon da zai kai. Elmer Sperry ya ƙera taragon da ke tura wutar lantarki mai ƙarfi ta cikin dogon, yana auna ƙarfin maganaɗisun da ya kewaye shi; inda aka sami tsaga sai ma'aunin ya girgiza. Taragon ya fara aiki a 1928.

Batun kamu ya girmi duk waɗannan, ko da yake an daɗe ba a haɗa shi da tsaga ba. A 1842 ɗin nan ta haɗarin Versailles, James Joule ya gano cewa sandar ƙarfe tana sauya tsawo in an sa ta cikin ƙarfin maganaɗisu. Sauyin ɗan mitsitsi ne, 'yan kashi kaɗan cikin miliyan, amma kowa ya taɓa jin sa: gunjin da taransifoma ke yi a bakin titi, ƙarfen cikinta ne ke miƙewa yana komawa sau 100 a daƙiƙa. A 1865 Emilio Villari a Italiya ya nuna akasin haka, cewa matsa ƙarfe ko jan sa yana sauya yadda yake karɓar maganaɗisu. To, tun da ƙarshen tsaga shi ne inda ƙarfin ja ke taruwa, kuma nan ne ƙarfin maganaɗisu ke cunkushewa wajen kewaye ta, dole a tambaya ko ɗaya yana ƙara wa ɗaya. Y. H. Pao da C. S. Yeh sun shimfiɗa lissafin a Amurka a 1973, Yasuhide Shindo kuma ya ɗora shi a kan tsaga a Japan a 1977, ya nuna cewa a ƙarfe mai saurin karɓar maganaɗisu, nauyin da ke kan ƙarshen tsaga yana hauhawa yayin da maganaɗisun ke ƙara ƙarfi.

Sai dai kada a zarce da zance. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙarfen yau da kullum, irin na dogo da na garma, ba su zo da murya ɗaya ba, kuma tasirin ƙarami ne in an gwada shi da na nauyi da tsatsa. Inda abin ya zama damuwa ta gaske shi ne sababbin haɗe-haɗe. Terfenol-D, wanda aka haɗa a Amurka a shekarun 1970, yana miƙewa da fiye da kashi 1,000 cikin miliyan, ga shi kuma da gautsi kamar tangaran, saboda haka ƙarfin da ke sa shi aiki shi ne kuma ke buɗa tsagarsa. Haka maganaɗisun neodimiyam da ya fito a farkon shekarun 1980, wanda ke cikin lasifikar wayar hannu: in biyu suka fizgi juna suka haɗu da ƙarfi, sai gefensu ya ɓantare.

Shi ma idon yana da iyaka. Garin ƙarfe ba ya nuna sai tsagar da ke sama ko dab da sama, kuma wadda ta gitta wa maganaɗisun. Wadda ta kwanta tare da shi takan ɓuya, shi ya sa ake gwaji ta fuska biyu. Ba ya aiki a kan tagulla ko tukunyar alminiyum. Bayan gwaji kuma wajibi ne a zare maganaɗisun da ya saura a jikin ƙarfen, in ba haka ba ya riƙa tara ɓurɓushi a inda sassan inji ke gogayya, ya ci su. Daga shekarun 1950 aka fara komawa ga aika amo mai tsananin kaifi cikin dogo ana sauraren dawowarsa da na'ura, kuma ita ce hanyar da reluwe suka fi dogara da ita a yau wajen neman tsagar ciki. Duk da haka, ranar 17 ga Oktoba, 2000, dogon da aka riga aka san yana da tsaga, aka yi jinkirin sauya shi, ya farfashe a ƙarƙashin jirgi a Hatfield ta Ingila, mutum 4 suka mutu.