Karna: Jarumin da ya san gaskiyar asalinsa amma ya ƙi sauya sheƙa

Karna na daga cikin fitattun jaruman Mahabharata, doguwar waƙar Hindu da aka tsara da harshen Sanskirit, mai baitoci kimanin 100,000 cikin littattafai 18. Na takwas daga cikinsu da sunansa ake kiransa, wato Karna Parva.

A ruwayar, Kunti ta haife shi tun kafin ta yi aure, mahaifinsa kuwa Surya ne, abin bautar da Hindu ke dangantawa da rana. Don gudun abin kunya ta sanya jaririn cikin kwando ta sake shi a kogi, inda wani matuƙin karusa mai suna Adhiratha da matarsa Radha suka tsince shi suka rene shi. Daga baya Kunti ta auri Sarki Pandu, ta zama uwar 'yan'uwa biyar da ake kira Pandawa, cikinsu har da gwanin baka Arjuna.

Da Karna ya ƙalubalanci Arjuna a wata gasar makamai a Hastinapura, sai aka tambaye shi asalinsa, domin ɗan matuƙi ba ya karawa da ɗan sarki. Nan take Duryodhana, babban abokin gabar Pandawa, ya naɗa shi sarkin Anga. Wannan alheri ne ya ɗaure shi har ƙarshen ransa.

Ƙaddara ta yi masa tarnaƙi. Malaminsa Parashurama ya tsine masa saboda ya ɓoye asalinsa, cewa zai manta sirrin makaminsa a ranar da ya fi buƙatarsa. Wani malami kuma, da Karna ya kashe wa saniya bisa kuskure, ya ce ƙasa za ta haɗiye ƙafar karusarsa. Sulken da aka haife shi da shi ma ya bayar kyauta ga Indra, mahaifin Arjuna, domin bai saba mayar da mai roƙo hannu rabbana ba.

Amma ba komai ne aka ɗora masa ba. Dab da yaƙin Kurukshetra, Krishna ya bayyana masa cewa shi ne babban wan Pandawa, sarauta tasa ce in ya dawo gare su. Ya ƙi, yana sane da cewa ɓangarensa ne zai faɗi. A ganinsa dharma, wato abin da ya wajaba a kan mutum, shi ne riƙe amanar wanda ya rufa masa asiri. Abin da kawai ya yi wa Kunti alkawari shi ne ba zai kashe kowa cikin 'ya'yanta ba sai Arjuna.

Masu yabonsa kan tsallake wani abu: shi ne ya ci mutuncin Draupadi, matar Pandawa, a fadar da aka yi caca, har ya ba da umarnin a tuɓe ta. Babu tsinuwar da ta sa shi yin haka.

A rana ta 17 ta yaƙin ƙafar karusarsa ta nutse. Ya sauka zai ciro ta, ya roƙi Arjuna ya dakata kamar yadda ƙa'idar yaƙi ta tanada. Krishna ya tambaye shi inda ya ajiye ƙa'ida ranar Draupadi. Arjuna ya saki kibiya, bai san wansa yake kashewa ba. Sai bayan yaƙi, lokacin da ake yi wa mamata hidima a bakin kogin Ganga, Kunti ta faɗa wa 'ya'yanta ko wane ne shi.